Ƙunshin da muka tarar a ƙasan adakar Kaka

Bayan sadakar arba'in ta Kaka aka buɗe ɗakinta a gidanmu na Aboabo, a Kumasi ta Ghana, don a raba abin da ta bari. Zannuwa ne, da kwanuka jere a kabad, da Alƙur'anin mijinta cikin gafaka. Can ƙasan adaka, ƙarƙashin wani tsohon bargo, Gwaggo ta zaro wani ƙunshin fata da ya bushe ƙamas, an ɗaure bakinsa da tsumma. Da aka kwance sai ga 'yan ƙarafa sun zubo a tabarma, baƙi-baƙi, babbansu bai kai akwatin ashana ba. Na ƙirga su, guda 31. Yawancinsu 'yan dunƙule ne masu kusurwa huɗu da zane a bayansu, amma akwai kada, akwai tsuntsu, akwai gyaɗa sak da ɓawonta, akwai kuma wani ɗan mutum zaune da lofe a baki. Tare da su akwai 'yan faranti biyu kamar murfin kwalba, da siririyar sanda, da cokali mai faɗin baki, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai murfi.

Gwaggo ta ja da baya. "A'uzu billahi. Kayan tsafi a ɗakin Iya? Ku kwashe ku zuba a kwata." Kawu kuwa dariya ya yi, ya dube ni ya ce, "Kai da kake Magazine, je ka ɗora su a sikeli, ko kuɗin koko da ƙosai sa yi."

Sana'ata ke nan. Shekara 14 ina saye da sayar da kondem, wato tsofaffin ƙarafa, a Suame Magazine, unguwar makanikai: jan ƙarfe, tagulla, alminiyam, dalmar tsohon batir. Washegari na ɗora ƙunshin a sikelin shago, allura ko rabin kilo ba ta kai ba. Na jefa shi a durowar da nake ajiye canji, na manta da shi har wata biyu.

Akwai wani dattijo Ba'asante, tsohon fita ne, wato makaniki, da ya ajiye aiki, yakan zo shagona ya zauna a benci yana kallon masu wucewa. Opanyin nake ce masa, shi kuma Kramo yake kirana, kamar yadda suke kiran kowane Musulmi. Ran nan na jawo durowa zan ba wani canji, idonsa ya faɗa kan ƙunshin. Ya miƙo hannu biyu, ba ɗaya ba. Ya baje kayan a cinyarsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da ni cikin Twi, "Kramo, wa ya ba ka futuo?"

A bakinsa na fara jin sunayen. Ƙunshin gaba ɗaya futuo ne, 'yan ƙarafan kuma abrammuo, duwatsun awon garin zinare. Faranti biyun da sandar sikeli ne, zarensa ne ya ruɓe. Da cokalin ake ɗiban garin, a cikin ɗan akwatin ake adana shi. Kafin kuɗin Turawa, garin zinare shi ne kuɗin ƙasar Asante, da shi ake sayen bawa da bindiga, da shi ake sayen ayaba a kasuwa. Duk magidancin da ya isa yana da futuo nasa. In ciniki ya faɗa, mai saye ya auna da nasa duwatsun, mai sayarwa ya sake aunawa da nasa, sai awo biyun sun yi daidai a rabu. Opanyin ya rataya sandar a babban yatsansa na hagu ya nuna mini yadda ake riƙewa, tafin hannu a buɗe, don kada a ce ka danna wani gefe. Ya ce na fada sun fi na talaka nauyi, kowa ya san haka, ba kuma mai cewa uffan. Turawan Ingila ne suka kashe kasuwar abin: sun hana ciniki da garin zinare a yankin bakin teku a 1889, bayan sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896 kuma hanin ya iso Kumasi.

Da na kai wa Gwaggo labari sai ta ɗan sauko, har ta tuna abin da ta ji tana yarinya. Kakan mahaifinmu bafatake ne daga ƙasar Kano, yana bin ayari zuwa Gwanja sayen goro. Ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya yi ta gangarowa kudu har ya yada zango a Kumasi. Ta ce an ce wani Batone, haka tsofaffinmu ke kiran Asantawa, ya taɓa ba shi wani abu jingina bai dawo ya fansa ba. Ta ƙara da cewa, "Amma dai ɗan mutumin nan mai lofe ban yarda da shi ba."

Kuskurena na farko na yi shi a daren nan. Na ga abin gado ne, na ce bari in fito da shi fes. Na samo toka da lemun tsami, yadda matanmu ke goge tire, na zauna na dirje guda uku har suka yi walƙiya kamar sabon kan famfo. Da safe na kai wa Opanyin ina jiran yabo. Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Shekara ɗari biyu hannun mutane na shafa wannan duhun, kai ka wanke shi kafin ka kwanta barci." Garin neman gira na rasa ido. Duhun nan da na ɗauka datti ne shi ne shaidar tsufan abin, kuma ba ya dawowa a zamanin mutum ɗaya. Har yau in na buɗe akwatina, ukun nan ne ke fara tsone mini ido.

Daga nan ciwon tarawa ya kama ni. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Sai ka ga mutum da hankalinsa ya rufe shago da la'asar yana yawon bin masu kayan gargajiya. Na sayi kujerar sarauta 'yar mitsitsiya, na sayi takobi, na sayi kadoji biyu da suka gicciye juna cikinsu ɗaya, waɗanda Asantawa ke buga misali da su: ciki ɗaya ne, amma in abinci ya zo sai sun yi faɗa, don kowa na son ya ji daɗin a maƙogwaronsa. Opanyin ya ce duk gidan da ake rabon gado ya kamata a ajiye wannan a tsakar gida. Ban gaya wa Kawu ba.

Sai wani mai shago a cikin gari ya ja ni ƙurya, ya kwance wani tsumma a hankali kamar mai fito da jariri. Mahayin doki ne, tsawonsa ya kai tafin hannu, baƙi wuluk, da mashi da layu a ƙirji. Ya ce daga gidan wani basarake ya fito, tun kafin yaƙin Sagrenti na 1874 tsakanin Asante da Ingila, kuma buronz ne na asali, ba irin na 'yan yawon buɗe ido ba. Ya ce akwai Baturen da zai dawo gobe ya ɗauka. Muka yi ciniki, na ba da sidi 900, na fito ina jin na yi tsintuwa.

Opanyin bai ce mini an cuce ni ba. Cewa ya yi, "Je ka Krofrom ka ga yadda ake haifar su."

Krofrom biyu ne, ni kuwa na cikin gari na sani, can na fara zuwa ina tambayar maƙera ana kallona. Wanda ake nufi ƙauye ne a kudancin Kumasi, Ampabame Krofrom, ta hanyar Sokoban ake bi. Na tafi da rabin buhu na tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna daga shagona, don ba a zuwa wurin mai sana'a hannu rabbana. Wannan buhun ne ya buɗe mini ƙofa. Mastan da na samu ya zazzage shi, ya ɗaga wani kan famfo ya ƙwanƙwasa, ya ce wa yaronsa ya kawo mini kujera.

Mu a Hausa maƙeran fari muke ce wa irinsu, masu aikin tagulla da azurfa, don a bambanta su da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari. Amma aikin nan ba ƙira ba ce ta guduma da uwar maƙera, zubi ne. Da kakin zuma ake farawa. Masta na zaune da kwanon ruwan ɗumi a gefe, yana tsoma kakin ya yi laushi, yana murza shi a kan katako har ya zama zare siriri kamar taliya. Da zaren nan yake naɗe jikin abu, da shi yake fitar da ido da gashin tsuntsu da zanen riga. Duk abin da kake so ka gani a ƙarfe sai ka fara yin sa a kaki, har ɗigon da ya fi ƙanƙanta. In ya gama sai ya liƙa wata 'yar sandar kaki a jiki, ita ce za ta zama hanyar da narkakken ƙarfe zai bi.

Sai a dama garin gawayi mai laushi da ruwan yumɓu, a shafe kakin da shi, a shanya, a sake shafawa, a sake shanyawa. Wannan shafin farko shi ne ke ɗauke zanen, in aka yi gaggawa a nan an ɓata komai. Bayan ya yi kauri sai a lulluɓe da yumɓu mai gauraye da zaren kwakwar manja, a haɗa abubuwa da yawa cikin dunƙule guda, hanyoyinsu duk su haɗu a baki ɗaya. In ya bushe a kara shi a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye. Abin da ya rage ciki rami ne mai siffar abin da aka gina.

Wurin da ya fi burge ni shi ne na gaba. Na ɗauka za a narka ƙarfe a tukunya a zuba, kamar yadda masu tukwanen alminiyam ke yi a Magazine. Ba haka suke yi ba. Ana zuba guntayen tagulla a wani ɗan kasko na yumɓu, a kifa bakin dunƙulen a kansa, a liƙe su da laka su zama abu ɗaya kamar gora mai wuya. A sa a murhu, kaskon a ƙasa, a rufe da gawayi. Da zugazugi ake hurawa a da, yanzu injin iska ne mai lantarki. Tagulla na narkewa ne in zafi ya haura digiri 900, amma ba mai ma'aunin zafi a wurin. Harshen wutar Masta yake kallo. Da ya ga launinsa ya juya ya yi kore-kore, sai ya sa awartaki ya ciro gorar tana ja zur, ya juya ta, kai ya koma ƙasa. Ƙarfen ya gangara ya cika ramukan da kaki ya bari. Ba ka ganin komai, sai dai ka jira.

Da ya huce aka fasa da guduma. Dole a fasa, babu wata hanyar fito da abin, shi ya sa ba a samun guda biyu da suka zama ɗaya sak. A cikin goma sha biyun da aka zuba ran nan, biyu sun fito ba ƙafa, ƙarfe bai kai can ba. Yara suka kwashe sauran suka hau yanke hanyoyin da goga da magagari.

Na fito da gyaɗar Kaka na tambaye shi yadda aka yi mutum ya gina wannan da kaki, har da jijiyoyin ɓawo. Ya yi dariya ya ce ba wanda ya gina ta, Allah ne ya gina. Gyaɗar gaske aka shafe da gawayi da yumɓu, wuta ta cinye ta, tagulla ta maye gurbinta. Haka ake yi da ƙwaro, da fara, da ƙafar kaguwa. Wata gyaɗa ce da aka tono a gonar wani, shekaru aru-aru da suka wuce, ga ta a tafin hannuna.

Sannan na kwance mahayin dokina. Masta ya juya shi sau biyu, ya shinshina, ya ce wa yaro ya kawo kananzir. Ya ɗiga a tsumma ya goga a cinyar dokin. Tsumman ya yi baƙi, wurin ya yi rawaya. Man takalmi ne da hayaƙi. Ya nuna mini sawun magagari a ƙarƙashin kofato, kaifinsa ko dusashewa bai yi ba. Ya ce, "Hannun garinmu ne. Damina biyu, in ya daɗe uku. Da ka zo nan da sidi 80 ka tafi da shi, kuma da fari tas za mu ba ka." Yaran suka ƙyalƙyale. Ni ma na yi dariyar, ta ciki na ciki, musamman da na tuna cewa wataƙila daga kawunan famfon da ni kaina na sayar aka zuba shi.

A nan zan tsaya in faɗi wani abu, don na ji masu tara kaya na zagin aikin Krofrom suna ce masa jabu. Ba jabu ba ne. Hanyar da kakanninsu suka bi ita suke bi, wasu ma hannunsu ya fi na da kyau, kuma ba su taɓa ce wa kowa kayansu tsoho ne ba. Ƙaryar a hanya ake shafa ta, tsakanin murhu da shagon cikin gari.

Maganar buronz kuwa, kunya ta kama ni, don abu ne da ya kamata ɗan kondem ya sani tun farko. Mu duka tagulla muke cewa, amma iri biyu ne. In aka haɗa jan ƙarfe da kuza, shi ne Turawa ke kira buronz, yana da ja-ja, irin wanda muke samu a bushin na manyan injuna. In aka haɗa jan ƙarfe da tutiya, shi ne biras, mai rawaya, na kan famfo da kwaɗo. Tutiyar ce ma ke canza launin wutar da Masta ke jira. Duwatsun awon Asante kusan duka biras ne. Hatta shahararrun kayan Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda duniya ke kira buronz, yawancinsu biras ne. Buronz na gaske a wannan yanki namu, wanda ya fi shahara shi ne na Igbo-Ukwu a Nijeriya. Saboda haka duk wanda ya rantse maka cewa dutsen awonsa buronz ne na asali, kalmar kawai yake sayar maka.

Na dawo gida na jera kayana a tabarma, na rasa ta inda zan bambance na gaske da na shafe. Ido ya riga ya ba ni kunya. Sai na tuna ai ba don kallo aka yi su ba, don awo aka yi su. Na je wurin masu sayen gwal na sayi ɗan sikelin lantarki mai nuna har kashi ɗaya cikin goma na giram, na sayi littafin rubutu, na fara da 'yan dunƙulen nan masu kusurwa huɗu da ban taɓa kulawa da su ba.

Na farko giram 4.4. Na biyu 8.8. Na uku 2.2. Wani 13.3, wani 17.7, wani kuma 4.5. Ban kai na goma ba gashin jikina ya tashi, don ko ɗan aji uku ya ga abin da ke faruwa: rabi ne, da ɗaya, da biyu, da uku, da huɗu na abu guda. Kuma abin nan na san shi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka a Risala ya san nisabin zinare dinari 20 ne, dinari kuwa miskali ɗaya ne, abin da malaman yanzu ke lissafawa giram 85 gaba ɗaya, wato kowane miskali giram huɗu da kwata. Duwatsun da Gwaggo ta ce a zuba a kwata, a kan miskali aka yanka su, ya ɗan ɗara na littafi kaɗan.

Ɗiyar yayana da ke karatu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ita ta samo mini bayanin a ɗakin karatunsu. Wani lauya ɗan Ingila da ya yi aiki a Ghana, Timothy Garrard, ya auna dubban irin waɗannan duwatsu ya fitar da littafi a 1980. Ya nuna cewa tun wajen 1400 mutanen Akan suka karɓi awon daga hannun Wangarawa, 'yan kasuwar Mali da ke saukowa daga Jenne zuwa Begho sayen zinare. Wangarawan nan dai su ne tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji da Musulunci. Awon Musulmi ne ya fara zuwa, miskali da uƙiya. Daga baya, da Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a Elmina a 1482, nasu awon ya shigo, na sauran Turawa ya biyo baya. Shi ya sa wasu duwatsuna bakwai suka ƙi shiga lissafin miskali, na wani layin ne. Kuma masu kusurwa huɗun nan marasa kwalliya su ne tsofaffin. Masu siffar mutane da dabbobi daga baya suka yawaita, wajen ƙarni na 17 da na 18.

Da na san haka sai abubuwan da nake gani aibi suka zama shaida. Akwai wani da aka ɗiga wa dalma a cikin wani lungu, na ɗauka gyaran banza ne. Ashe ya fito daga wuta bai cika ba, aka ƙara masa nauyi. Wani an naɗa masa 'yar waya. Wani an rage masa kusurwa. Tsuntsun nan ma da nake jin haushin ya rasa jela, da na auna shi sai ga shi 8.8 cif, jelar da gangan aka cire. Ba mai wahalar daidaita nauyin abin da zai sayar wa ɗan yawon buɗe ido. Sai kuma gefuna. Abin da ya shekara ɗari yana gogayya da 'yan uwansa a cikin fata, gefensa kan yi sumul kamar sabulun da aka fara wanka da shi, duhun kuma a cikin ramukan zane yake taruwa, tudun ya ɗan yi haske. Na shafe kuwa baƙinsa bai ɗaya ne ko'ina. A cikin guda tara da na saya da kuɗina, biyu ne suka tsallake. A ƙasan ɗan akwatin kuma na tarar da ƙwayoyin idon zakara guda biyar sun ƙanƙance, Opanyin ya ce da su ake auna abin da ya gaza ƙaramin dutse.

Saura ɗan mutum mai lofe. Maganar Gwaggo ba ta bar ni ba, ni ma kuma na san hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Na ɗauki kayan na je wurin malaminmu bayan sallar isha'i. Ya sa tabarau ya dudduba, ya ɗauki na miskali ya jinjina a hannu, ya karanto farkon Suratul Muɗaffifina, ya ce mutanen da ke awo sau biyu kafin su rabu sun fi wasunmu kiyaye wannan surar. Game da siffofin kuwa bai sassauta ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka hana shi ne siffar mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Ba a bauta wa waɗannan ba, ba gumaka ba ne, amma siffa siffa ce. "Masu zane, da kujera, da takobi, da gyaɗarka, ba komai. Mai lofen nan da kadojin, kada ka jera su a falo kana ado da su."

Na san akwai masu tara kaya da za su ce na yi asara, don masu siffar su ne kasuwa ke so. Ni dai hukuncin ya zo mini daidai da inda zuciyata ta riga ta karkata. Na daina sayen masu rai. Na gado suna naɗe cikin fatarsu a shago. Mahayin doki na ba Opanyin, yana danne takardun lotonsa da shi.

Lokacin da aka buɗe baje kolin kayan da suka dawo gida a gidan tarihin fadar Manhyia, a watan Mayun 2024, shekarar da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya cika 25 a kan karaga, na bi layi na shiga. Guda 32 gidajen tarihi biyu na Landan suka kawo, wai aro, kayan da aka kwasa daga garin nan. Wani gidan tarihi na Amurka kuma ya maido da bakwai kyauta. Jama'a na ta turereniya wurin zinare. Ni tunanina na kan wata buta da ɗiyar yayana ta nuna mini hotonta, wadda sojan Ingila suka ɗauke daga fadar Prempeh a 1896. Ita kam buronz ce ta gaske, kuma a Ingila aka zuba ta, zamanin sarkinsu Richard na Biyu, kafin 1400. Ta yi doguwar tafiya ta zo Kumasi, ta zauna a fada, sannan aka mayar da ita inda ta fito a matsayin ganima.

Yanzu ina da guda 58. Kowanne da lambarsa a littafi, da nauyinsa, da inda na same shi, da abin da mai sayarwa ya faɗa, ko da na san ƙarya ce, ita ma ina rubutawa. Ba na wanke su, busasshen burushi mai laushi kawai. Abin da nake tsoro shi ne laimar Kumasi. In ka ga wani kore mai haske yana fitowa kamar gari, ba irin koren da ya kama jiki ya yi santsi ba, to ciwo ne, gishiri ne ke cin ƙarfen, sai a ware shi a busar da shi. 'Yan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi masu tsotse laima, su nake zubawa a akwatin. Wani ya taɓa kawo mini baƙo daga waje yana son ya saye na gadon duka. Na ce ba na sayarwa ba ne, kuma ko da na sayarwa ne, tsohon kaya ba ya fita Ghana sai da takardar izinin hukumar gidajen tarihi.

Ana saura mako biyu azumin bara, Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta da 'yan kunnenta da sarƙa da awarwaro biyu a cikin hankici. Wata maƙwabciya ta ce mata zinaren da ta ajiye ya isa zakka, ita kuma ba ta son ta kai kasuwa a san abin da take da shi. "Ka zo da abin awon nan naka." Na ce wanne, na lantarki? Ta ce, "Na Baba."

Na riga na sa wa sikelin sabon zare na teloli. Na rataya shi a babban yatsa, tafi a buɗe. Farantan ƙanana ne, sai da muka yi awon kashi-kashi, ita tana ɗora zinare ina ɗora dutse, jikarta na rubutawa a bayan kalanda. Ya tashi miskali 11 da 'yan kai. Na sake aunawa a na lantarki, giram 49. Bai kai nisabi ba, da sauran tafiya.

Ta ƙulle hankicinta ta tura ƙarƙashin filo. Ina tattara duwatsun sai ta sa yatsa ta danne gyaɗar.

"Wannan bar mini ita a nan."